Inda Hannun Hagu Ke Kamawa

A jikin bindigar soja akwai wani sashe da ba kasafai ake kula da shi ba, wato inda hannun hagu ke kamawa, tsakanin gidan harsashi da bakin bindiga. A AK-47 da muka saba gani a kafaɗar 'yan sanda, katako ne guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Amfaninsa na asali ɗaya ne tak. Bututun ƙarfen da harsashi ke bi yana ɗaukar zafi ƙwarai, in aka juye gida biyu ko uku a jere ba mai iya dafa shi da tafin hannu, shi ya sa aka yi masa riga. Wannan rigar ita ce mariƙin gaba. A bindigar M16 ta Amurka, wadda ta samo asali daga zanen Eugene Stoner na ƙarshen shekarun 1950, mariƙin roba ne mai kusurwa uku, da siririn fallen alminiyom a cikinsa don tare zafi. Da aka zo kan M16A2 a shekarun 1980 sai aka mai da shi zagayayye, ɓari biyu iri ɗaya, wanda duk ka ɗauka zai zauna a sama ko a ƙasa. Babu wanda ya yi tunanin za a rataya masa wani abu.

Sojoji ne suka fara rataya masa. A watan Nuwamba na 1970, dakarun Amurka da suka kai samame sansanin Son Tay a Arewacin Biyetnam cikin dare sun ɗora wa bindigoginsu wani madubin saiti mai jan ɗigo, kuma sai da suka ƙara naɗe shi da baƙin salatif na masu gyaran lantarki don kada ya motsa. A watan Mayun 1980, lokacin da dakarun SAS na Birtaniya suka kutsa ofishin jakadancin Iran da ke Landan, duniya ta ga manyan tocila ɗaure a kan ƙananan bindigoginsu na MP5. Shekaru da dama bayan haka ana ta ɗaure-ɗauren nan, wani da salatif, wani da zoben matse tiyo irin na makanikai. Tocila kam tana iya jure wannan, don ko ta ɗan karkace za ta haska ɗaki. Abin saiti ba ya jurewa. A ɗauka gindin na'urar saiti tsawonsa santimita 10 ne, sai gefe ɗaya ya ɗaga da kaurin takarda guda, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na milimita. A nisan mita 100 saitin ya kauce da santimita 10, a mita 300 da santimita 30. Duk sana'ar da za mu duba a nan tana kewaye ne da wannan lissafi.

Maganin da aka samo shi ne dogo: wani siririn dandamalin ƙarfe mai haƙora a jere, wanda ake maƙala kaya a kansa. Tun kafin soja su shiga harkar, kamfanin W. R. Weaver na garin El Paso a Texas yana yin irinsa don maharba su ɗora madubin hangen nesa. Sai dai na Weaver ba shi da tsayayyen awo tsakanin tsagi da tsagi, kowane maƙeri yana yanka nasa a inda ya ga dama. Aikin daidaita shi ya faɗo hannun cibiyar binciken makamai ta sojan Amurka da ke Picatinny a jihar New Jersey, kuma a watan Fabrairun 1995 aka fitar da ƙa'ida mai lamba MIL-STD-1913. Sunan wurin ne ya bi dogon har yau.

Ƙa'idar kanta 'yan lambobi ne, amma ka duba yadda kowace ke da aikinta. Faɗin dogon milimita 21.2 ne a inda ya fi faɗi. Kowane tsagi, wato gurbin da ke tsakanin haƙori da haƙori, faɗinsa milimita 5.23, zurfinsa milimita 3. Daga tsakiyar wannan tsagi zuwa tsakiyar na gaba milimita 10 ne da ɗigo kaɗan. In ka yanka dogon a gicciye ka dubi fuskarsa, za ka ga sama a shimfiɗe, gefe biyu kuma sun fito da tsini, kowanne yana da gangare biyu, ɗaya ya dubi sama ɗaya ya dubi ƙasa. Wannan gangaren na ƙasa shi ne sirrin. Mamatsin da ke ƙarƙashin madubi ko tocila yana da muƙamuƙi biyu. In aka ɗaure sukuru, muƙamuƙan suna matsowa ciki, gangaren kuma ya tilasta musu zamewa ƙasa, sai ya zamana ƙarfi ɗaya yana matse abin daga gefe kuma yana janyo shi ƙasa a lokaci guda. Tsagin kuwa an yi shi ne don wani ɗan sandan ƙarfe da ke gicciye a ƙasan mamatsin ya faɗa ciki ya hana shi zamewa gaba ko baya. Tsagin Weaver bai kai wannan faɗi ba, milimita 4.57 ne, shi ya sa kayan Weaver sukan hau dogon Picatinny, amma na Picatinny sau da yawa su ƙi hawa na Weaver.

Akwai wani ɗan motsi da ake gane gwani da shi. Sandan nan na gicciye bai cika tsagin fam ba, dole akwai ɗan sarari, in ba haka ba ba zai shiga ba. To gwani, kafin ya ɗaure sukuru, sai ya sa babban yatsa ya tura abin gaba, wajen bakin bindiga, har sandan ya jingina da haƙorin gaba, sannan ya ɗaure yana riƙe da shi a haka. Dalili kuwa, in an yi harbi bindiga baya take shuri, abin da ke kanta kuma nauyinsa yana so ya tsaya a inda yake, wato dai kamar yana zamewa gaba ne a kan dogon. In tun farko yana jingine da haƙorin gaba, ba shi da inda za shi. Wanda bai damu ba yakan ɗora ya ɗaure a inda abin ya faɗa, sai harbi na biyar ko na ashirin ya ƙarasa masa turawar, saitin da ya ɓata safiya yana gyarawa ya tashi a banza. Shi ya sa ma ake buga lambobi a cikin tsagin: harafin T da lamba ga na sama, L ga na hagu, R ga na dama, B ga na ƙasa. Soja ya cire madubinsa ya goge, ya mai da shi kan lambar da ya ciro shi. A 2009 ƙungiyar NATO ta amince da nata fasalin, STANAG 4694, wanda ya rubuta awon da milimita, ya ƙara tsaurara iyakar kuskuren da aka yarje wa maƙeri, kuma ya ce shimfiɗar sama ce ma'aunin da mamatsi zai zauna a kai. Tsofaffin kaya duk suna hawa sabon.

Da fari a saman gangar jikin bindiga kaɗai dogon yake, inda aka cire hannun ɗauka na M16 aka bar wurin a shimfiɗe. Kamfanin Knight's Armament na Florida ne ya yi fice wajen kai shi gaba. A shekarun 1990 ya ƙera wa dakarun musamman na Amurka mariƙin alminiyom mai dogo huɗu, daga baya irinsa ya bazu ga sauran sojoji a kan bindigogin M4 da M16A4. Masu sana'ar da fuskar agogo suke kwatanta wuraren: ƙarfe 12 shi ne sama, ƙarfe 6 ƙasa, ƙarfe 3 dama, ƙarfe 9 hagu. Duk wanda ya ga hotunan yaƙin Iraƙi da Afganistan ya ga wannan mariƙi, da na'urar hasken lesa a sama, tocila a gefe, da ɗan gajeren hannu a tsaye a ƙasa.

Ya yi aiki, ba a musu. Amma yana da nauyi, yana da kauri a hannu, kuma haƙoransa suna cin tafin hannu da tufa, har sojoji suka riƙa kwatanta shi da magogin kicin. Sai aka koma ana sayen murafun roba ana rufe haƙoran da ba a amfani da su, wato an biya kuɗi an yanka dogo, an ɗauki nauyinsa, an kuma biya kuɗi an rufe shi. Ya kuma haifar da wata ɗabi'a ta ganin wuri a buɗe a ce sai an cike shi. A kasuwar farar hula ta Amurka an ga bindigogi ɗauke da tocila biyu da ƙafafu da hannu da madubi kan madubi, gaba ya rinjayi baya, mai ita ba ya iya riƙe ta a kafaɗa minti guda. Wannan aikin ganin ido ne.

Babbar matsalar ma ba a ido take ba. Mariƙin farko na Knight's ya gaji mazaunin tsohon na roba ne. A baya yana shiga ƙarƙashin wani zobe mai sifirin, wanda ake ja baya da ƙarfin tsiya kafin ɓarin ya fita, har sau da yawa sai mutum biyu sun haɗu a kai. A gaba kuma yana shiga wata hular ƙarfe da ke zaune a jikin bututun kansa. Ma'ana, duk abin da ya danna mariƙi ya danna bututu.

Bututun bindiga kuwa, duk da ƙarfe ne mai kauri, ba sandararre ba ne kamar yadda ido ke gani. Lokacin da albarushi ya kama, bututun yana karkarwa tun daga gindi har baki, kuma harsashi yana fita ne a tsakiyar wannan karkarwa. Ba a iya hana ta. Abin da ake nema shi ne ta zama iri ɗaya a kowane harbi, don harsashi ya riƙa barin baki a daidai gaɓa guda. In maharbi ya ɗaure maratayi tamau a hannunsa yau, gobe ya ɗora mariƙi a kan buhun yashi, jibi ya danna shi kan 'yan ƙafafu, to kullum da irin lanƙwasar da bututun ke samu, kullum kuma da inda harsashi ke sauka. Masu gasar harbi a Camp Perry ta jihar Ohio sun daɗe da gane haka. Da yake dokar gasar bindigar soja ta hana sauya kamannin bindiga, sai suka riƙa ɓoye wani bututun ƙarfe a ƙarƙashin mariƙin roba, suna ɗaura maratayi a jikinsa, don ja ya tsaya a can kada ya kai ga bututun harbi.

Daga wannan dabara aka samu abin da ake kira mariƙi mai shawagi. Akwai wani babban noti da ke ɗaure gindin bututu da gangar jikin bindiga. Sai aka sake fasalin notin, aka tsawaita shi, aka ƙara masa kauri, ya zama shi kaɗai ne mazaunin mariƙi. Daga notin nan har zuwa ƙarshen mariƙi, ko da tsawonsa inci 15 ne, babu inda ya taɓa bututu. Bututun yana tsakiya a sake, iska ta kewaye shi ta ko'ina. A tsakiyar shekarun 2000 dakarun musamman na Amurka suka karɓi irin wannan daga kamfanin Daniel Defense na jihar Georgia, mai suna RIS II.

Amma ka lura da abin da aka yi: an ɗauke nauyi daga bututu an aza wa mahaɗa guda. Dogon abu da aka kafa ta kai ɗaya, in an danna ɗaya kan, duk ƙarfin a gindi yake taruwa. Nan ne mai zane ke nuna ko ya san aikinsa. Yakan tsawaita notin don mariƙi ya sami wurin zama mai faɗi. Yakan tsaga ƙasan mariƙi ya sa sukurori a gicciye su matse shi a kan notin, ko ya sa wani ɗan ƙarfe mai gangare da ke cusuwa yana ƙara matsi. Yakan fitar da 'yan kunnuwa biyu a baya su rungumi gangar jiki don kada mariƙi ya juya. Wasu masana'antun suna yanka ramin ya ɗan matse da gangan, sai an ɗumama alminiyom ɗin ya buɗe kafin ya shiga, in ya huce ya kama gam. Duk da haka mariƙi yana ɗan lanƙwasa in an danna shi, kuma na'urar lesa a kansa take zaune. Bututu ya tsira, saitin lesa bai tsira ba sai in mahaɗar ta yi ƙarfi. Saboda wannan ne ma gwani ba ya ɗora madubin hangen nesa ƙafa ɗaya a gangar jiki ƙafa ɗaya a mariƙi, ko da dogon biyu sun yi layi ɗaya a ido. Abubuwa biyu ne daban, kowanne da motsinsa. Kamfanin Lewis Machine and Tool ya kashe wannan magana ta hanyar sassaƙa gangar jiki da mariƙi daga dunƙulen alminiyom guda, babu mahaɗa ko ɗaya, kuma a kan wannan tsari aka yi bindigar L129A1 ta sojan Birtaniya. Sai dai tsada gare shi, kuma ba a sauya masa tsawo.

Yadda ake ƙera mariƙin kansa abin kallo ne. Yawanci da alminiyom mai lamba 6061 ake farawa. Ana gasa dunƙulensa har ya yi laushi ba tare da ya narke ba, a tura shi da ƙarfin inji ta cikin wani faifan ƙarfe mai rami, sai ya fito ta ɗaya gefen a matsayin dogon bututu mai ɗauke da siffar ramin: kusurwa takwas, da tudu a sama. Tudun nan ba ado ba ne. A bindigogi dangin M16 akwai siririn bututu da ke ɗauko hayaƙin harbi daga gaba ya kai shi baya don ya sarrafa bindigar, kuma ta saman babban bututu yake bi, dole a bar masa hanya. Tsayin tudun ma an auna shi ne don dogon da za a yanka a kansa ya zo daidai da na gangar jiki. Bayan an miƙar da abin an gasa shi ya yi tauri, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa a kai wa injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta.

Mai kula da injin yana da abokin gaba, wato siririn bango. In ya matse gunduwar da ƙarfi a mazauninta za ta ɗan lotsa, ya yanka komai daidai, da ya sake ta ta koma siffarta, awon ya gudu. In bai matse sosai ba za ta yi karkarwa a ƙarƙashin wuƙa, fuskar yankan ta fito da zane-zane. Sai ya cusa wani sandan ƙarfe a cikinta ya tallafe ta, ya yanka tsagi ɗaya bayan ɗaya ruwan sanyaya wuƙa yana kwarara, ya juya gunduwar ya yanka fuska ta gaba. Kowane rami sai an bi bakinsa an kashe kaifinsa. Daga nan sai wanka: ana tsoma mariƙin cikin ruwan asid mai sanyi a sakar masa lantarki, fatar alminiyom ɗin ta rikiɗe ta zama wani ɓawo mai tsananin tauri, wanda ake rinawa baƙi ko ruwan ƙasa. Kaurin ɓawon kusan kashi biyar bisa ɗari na milimita ne, rabinsa ya nutse cikin ƙarfen, rabi ya tofo waje. Wato bayan wanka kowane haƙori ya ɗan ƙara ƙiba, kowane tsagi ya ɗan tsuke. Gwanin mai inji tun wajen yanka yake rage wannan, yana yanka abin da bai yi daidai ba yau don ya zama daidai bayan wanka. Wanda ya manta da haka yakan fitar da dogo mai kyan gani da mamatsi ke ƙin hawa.

Ci gaban da ya biyo baya na ragewa ne. Aka tambayi kai: me ya sa za a yanka haƙora a ko'ina alhali wuri uku ko huɗu kawai ake ɗora kaya? Sai aka juya tunanin. A bar dogon Picatinny a ƙarfe 12, inda abubuwan saiti ke zama, sauran fuskokin a bar su sumul, a huda musu ramuka. Ramin ya rage nauyi, ya ba zafi hanyar fita, kuma shi ne mazaunin kaya. A 2012 aka fitar da KeyMod, zanen Eric Kincel na kamfanin VLTOR tare da kamfanin Noveske, aka sake shi kyauta ga duk mai so. Raminsa yana da faffaɗan kai da siririyar wutsiya: ka zura notin ta kai, ka tura gaba cikin wutsiya, ka ɗaure. A 2014 kamfanin Magpul ya fito da M-LOK, wanda raminsa miƙaƙƙe ne kawai, tsawo milimita 32, faɗi milimita 7, da tazarar milimita 8 tsakanin rami da rami. Shi ma ba a biyan kuɗin lasisi, amma sai masana'anta ta sa hannu cewa za ta bi awon.

Notin M-LOK ɗan ƙaramin abu ne mai siffar harafin T, kuma akwai wayo a jikinsa. Kana daidaita shi da tsawon ramin, ka zura shi ciki. Da ka fara juya sukuru sai ya juya tare da shi rubu'in zagaye, ya gicciye a bayan bango, sannan wata 'yar kafaɗa da ke wuyansa ta daki gefen ramin ta tsayar da shi. Daga nan duk juyin da ka ƙara matsi ne. Sharaɗin shi ne ka bar masa tazara daidai kaurin bangon kafin ka zura. In ta yi kaɗan ba zai sami wurin juyawa ba, sai ya matse a miƙe, ka ji sukuru ya yi tauri ka ɗauka ka gama, alhali ba abin da ya kama. In ta yi yawa kafaɗar ba za ta shiga ramin ba, sai ya yi ta juyawa. Gwani ba ya yarda da jin hannu kaɗai. Yakan haska tocila ta bakin mariƙi ya leƙa ya ga notin a gicciye da idonsa, sannan ya ɗauko abin ɗauri mai awo, domin ƙarfin da ƙarfe kan ƙarfe ke ɗauka ya ninka na roba fiye da sau biyu.

Gardama ta yi tsawo tsakanin magoya bayan tsarin biyu, har cibiyar sojan ruwan Amurka da ke Crane a jihar Indiana ta gwada su a madadin rundunar dakarun musamman, sakamakon ya fito a 2017. A gwajin jure harbi da jijjiga duka biyun sun tsallake. A gwajin yar da bindiga ƙasa, kayan da ke kan M-LOK sun zauna a kowane karo, na KeyMod kuwa sau ɗaya cikin uku kawai suka zauna. A gwajin cirewa da mayarwa, matsakaicin kaucewar saiti a M-LOK bai kai santimita 4 ba a mita 100, na KeyMod ya kai kusan 14. Daga nan kasuwa ta karkata. Mariƙin kamfanin Geissele da dakarun musamman suka ɗauka bayan haka M-LOK ne, haka ma na sabuwar bindigar SIG Sauer da sojan ƙasan Amurka suka zaɓa a 2022.

Da mariƙi ya samu, sai aikin jera kaya, kuma a nan ne ake ganin bambancin mai haƙuri da mai gaggawa. Mai gyaran makamai da ya ƙware da hannun mai bindiga yake farawa. Yakan ce masa ya ɗaga ta kamar zai yi harbi, ya lura da inda tafin hagu ya sauka da inda babban yatsa ya kwanta, ya sa alama. Wannan fili haramun ne ga kowane kaya in ban da makunnin tocila, wanda zai zauna daidai ƙarƙashin yatsan. Tocilar kanta yakan kai ta gaba gwargwadon iko, domin in ta zauna a baya bututu yana tare haskenta ya jefa inuwa a gefe guda. Amma in ta yi daidai da baki, tururin harbi zai shafe gilashinta da baƙin toka cikin ɗan lokaci. Tsakanin inuwa da toka akwai wani ɗan wuri, shi yake nema. Yakan fi son ya kwantar da ita a kusurwa, wajen ƙarfe 1 da rabi ko 10 da rabi, ta lafe a jikin mariƙi, don kada ta riƙa kama ƙofa ko ta tokare in an jingina bindiga da bango. Na'urar lesa tana hawa dogon sama, inda ya fi ƙarfi, a kuma tabbatar kan tocila bai shiga gaban idonta ba. 'Yan ƙafafu suna ƙarfe 6. Mazaunin maratayi yana gefen da ke fuskantar jikin mai ita. Wayar makunni kuma a bi da ita ta lungu a ɗaure, kada a bar ta tana reto.

Sai gwajin ƙarshe, wanda malalaci ba ya yi. Sukurun M-LOK yana leƙawa cikin mariƙi, kuma a wajen mahaɗar hayaƙi, wato dunƙulen ƙarfen da ke zaune a kan bututu yana ɗibar hayaƙi, sararin ya matse sosai. In tsinin sukuru ɗaya ya taɓa wannan dunƙule, shawagin da aka kashe kuɗi a kansa ya ƙare, duk dannar da aka yi wa mariƙi ta koma kan bututu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Gwani yakan zura siririyar takarda tsakanin su ya ja ta gaba da baya, sannan ya matse mariƙin da hannu ya sake ja, don sukurun da bai taɓa ba a sake yana iya taɓawa in an danna. In takarda ta kama, ya sauya sukuru da gajere ko ya matsar da kayan rami guda. Da ya gamsu sai ya ɗiga maganin hana kwancewa a zaren sukurun, ya ɗaure da awo, ya ja ɗan layin fenti daga kan sukuru zuwa jikin mamatsi. Ran da layin ya rabu biyu, kallo ɗaya ya isa a san sukuru ya motsa.

Dangin AK sun sha wuya da wannan zamani, don ba a gina su da tunanin ɗora komai a sama ba. Murfin samansu fallen ƙarfe ne da ke girgiza, shi ya sa Rashawa suka kafa mazaunin madubi a gefen hagu na gangar jiki. Masu son dogo a gaba sukan maye gurbin bututun hayaƙi da wani mai haƙora a bayansa, sai dai wurin yana ɗaukar zafi sosai, ba kowane madubi ke jurewa ba. Sabbin jikokinta, irin su Beryl ta Folan da sojan Najeriya suka saya da AK-12 ta Rasha, an yi musu dogon Picatinny tun daga masana'anta. Masu gasar harbin nesa kuma sun aro wani dogon daga masu ɗaukar hoto, wato Arca-Swiss, mai faɗin kusan milimita 38, wanda aka yi don ɗora kyamara a kan ƙafa uku. Ba shi da haƙora ko ɗaya. Suna shimfiɗa shi a ƙarfe 6 tun daga gindin mariƙi har baki, ta yadda maharbi zai sassauta mamatsi da yatsa biyu, ya zame 'yan ƙafafunsa zuwa inda dutse ko shingen da ke gabansa ya ba shi dama, ya sake matsewa.